Murfin rijiyar Yaya Bukar

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Bukar, magini a unguwar Kara-Kara, Allah ya jiƙansa. Yabonsa ya kamata in yi, amma tsoro ne ya zaunar da ni rubutun nan.

A shekarun fari, maƙwabta suka taru suka yashe rijiyar gidanmu har ta yi zurfin da ido ba ya hango ruwanta. Bakinta na zaizayewa, mata kuwa kullum dafifi. Yaya ya ce sai an yi mata murfin siminti mai ƙofar zura guga. Ƙarfen gini ya yi wuya a Damagaram, sai ya tsefe igiyar rama ya cuɗa da kwaɓin, kamar yadda ake sa ciyawa a laka. Ya ce in nauyi ya hau murfi, ƙasansa ne ke miƙewa ya tsage, don haka zubin farko ya fi shan rama.

Ana gama zubin farko ruwan kwaɓi ya ƙare. Babanmu, tsohon maginin laka, ya hana a taɓa na sha. Ya ce a bari ya bushe tukuna, ai haka ake ɗora katanga tun kakanni.

"Baba, siminti ba laka ba ne, in ya bushe na sama ba zai kama shi ba," in ji Yaya, kansa a ƙasa. Sai da ya bushe ya ɗora zubi na biyu. Bukar ba ya musu da uba.

Wata rana bayan an gama, ina tsaye a kan murfin da cikin fari, ni da wasu mata, muka ji ƙas! Ya lotsa ƙarƙashin ƙafata, na sama ya ɓamɓare daga na ƙasa. Ta tsagar na ga duhun rijiya, na ga zaren rama a miƙe, ya riƙe ɓangarorin. Da rarrafe na sauka.

Yaya ya ɗora wani zubin ya rufe tsagar, amma bai taɓa yarda da aikin ba. A ciwonsa na ajali ya ce mini, "Falmata, rama ba ƙarfe ba ce, siminti cin ta yake. Ku fasa shi." Muka ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa mara lafiya.

Yanzu famfo na yawan ɗaukewa, an koma rijiya, jikokina har tsalle suke a kan murfin. 'Ya'yansa sun ce kada a taɓa, shi kaɗai ya rage na hannun ubansu. Da yana nan, na san da kansa zai ɗauko guduma.

Jiya na zura hannu ƙarƙashin murfin na jawo zare ɗaya, ya marmashe a yatsuna. Maganar da ya bar mini ta fi murfin daraja. Na aika a kira mai guduma, kuma wannan karon ba wanda zan sunkuyar wa kai.