Lissafin Inna, Idon Baba

Innarmu ta yi shekara talatin da ɗaya tana aikin jinya, kuma har yau in kana son tashin hankali a gidanmu, to ka girgiza kwalba a gabanta. Akwai maganin allura da ke zuwa gari a 'yar kwalba, sai an zuba masa ruwansa ya narke. Dokar Inna ita ce ruwan ya gangara ta jikin kwalbar a hankali, sannan a murza ta a tafin hannu kamar ana lallashin jariri. Abin ya bi mata jiki, har kwalbar turare murzawa take. Ranar da ƙanwata ta girgiza madarar ɗanta, salatin da Inna ta saka sai da maƙwabta suka leƙo.

Lissafi kuwa a bayan hannunta take yi da biro: garin nawa ne, ruwa nawa aka zuba, nawa likita ya rubuta, layi nawa za a ja a sirinji. Sau uku take yi, da ƙarfi. Mun girma ba mu taɓa ganin hannunta na hagu ba tawada ba.

Baba mai gyaran agogo ne. Zai ɗauko ƙusa mai kamar ƙwayar yashi ko gezau, amma ya hango sirinji sai ya nemi suma. Shekara arba'in Inna tana masa tsiya, shi kuma yana kiranta Sista.

Bara likita ya rubuta masa irin wannan allurar, sau ɗaya a mako, a gida. Inna ta ce tana raye ba mai taɓa mata miji. Ranar farko ta jera auduga da kwalba a teburin falo, ta murza, ta yi lissafi sau uku: layi goma sha biyu. Baba na kwance a doguwar kujera, ya rufe fuska da jarida, yana ta addu'a kamar za a yanka shi.

Ta ɗaga sirinjin wajen taga. Ta nesanta shi, ta kusanto da shi. Ta ce labule ya tare haske, na yaye. Ta ce tabaranta ya yi ƙura, ta goge. Sai ta koma kan masu ƙera sirinji, wai 'yan zamani ba su da tsoron Allah, sun ƙanƙance layukan.

Nan na gane ba ta ganin layukan ne. Ba za ta taɓa ja da ƙiyasi ba, kuma miƙa wa wani sirinjin a wurinta daidai yake da ta ce ta ƙare. Na miƙa hannu, ta watsa mini harara. Wallahi tausayinta ya kama ni.

Baba ya sauke jaridar, ya shiga ɗaki, ya dawo da ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido in zai buɗe agogo.

"Sista, ke ja, ni in duba."

"Kai? Malam, faɗuwa za ka yi."

"Sai na gama ƙirgawa zan faɗi."

Ya kawo idonsa dab da abin da ya fi tsoro a duniya, zufa na ɗiga daga gemunsa. "Tara. Goma. Akwai iska a ciki, ɗan ƙwanƙwasa. Yawwa. Ƙara kaɗan. Sha biyu, tsaya!"

Ta yi masa allurar. Shi kuwa ya kurma ihun da ya saba.

Tana danna masa auduga, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

Ya cire gilashin, ya goge shi da bakin riga. "Tun da kika fara tambayata ƙarfe nawa, ga agogo ɗaure a hannunki."