Ƙarar da alƙali bai ji ba

Shekaru masu yawa da suka wuce, zamanin da kuɗin mai ya tumbatsa har malaman firamare na sauya babur duk shekara, ina 'yar aji huɗu a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Katsina. Lokacin gwamnati na ta kwaso malamai daga ƙasashen waje, mu kuma rabonmu ya faɗa kan wata Ba'indiya mai koyar da lissafi. Ita ta zo mana da wasan kurket. Kada ku ji kunya in ba ku san shi ba, mu ma ranar da ta zaro katakon bugu daga jaka mun ɗauka muciyar gidan biki ce.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Masu bugu biyu ne a fili, ɗaya a kowane ƙarshe. A jefo wa ɗaya ƙwallo ja mai taurin goruba, ta maka, su yi musayar wuri da gudu, maki ke nan. In ƙwallon ta taɓa katakonki, ko da shafa ce, aka cafe ta ba ta faɗi ƙasa ba, kin fita. Sai malama ta ƙara da cewa masu wasan na da wata al'ada: in kin san kin taɓa, ba ki jiran hukuncin alƙali, ki saɓa katakonki ki fita da ƙafarki. Muka kwashe da dariya. Mu da ko a 'yar carafke sai an yi rantsuwa uku kafin mutum ya yarda ya faɗi?

A cikinmu babu kamar ƙawata, ɗiyar wani maƙeri a Ƙofar Marusa. Siririya ce, ba ta da yawan magana, amma in ta daki ƙwallo sai an shiga cikin itatuwan dogon yaro nema. Masu dafa mana abinci kan bar tukunya su leƙo kallonta. Ni kuwa na iya daidai gwargwado, bakina ya fi hannuna aiki.

Rannan malama ta shigo aji fuska a washe. Wai ana so a haɗa ƙungiyar mata ta ƙasa, wani mutum zai zo daga Legas ya ɗauki yarinya ɗaya a makarantarmu. Ƙawata ba ta taɓa wuce Funtuwa ba. Ta kama hannuna ta ce, "Ƙawa, an ce hwa ruwan tekun can ba a ganin ƙarshenshi." Kowa ya san ita za a ɗauka, har mahaifinta ya amince.

Mutumin ya zo da farar hula, shi ya tsaya alƙali, ya ce wadda ta fi maki ita zai rubuta. Aka raba mu gida biyu, ni da ƙawata muka shiga tare. Jifa ta uku, ƙwallo ta shafi gefen katakona, ƙas, ta faɗa hannun mai tsaron baya. Daidai nan wata tifar yashi ke wucewa da rugugi a bayan katanga. Mai tsaron ta yi ihu wai na taɓa, alƙali ya girgiza kai. Ni ko sai na tsiri gyaran kallabi kamar ban san zancen ba.

Ƙawata ta karɓi bugu. Jama'a, ban sake ganin irin bugun nan ba. Sau huɗu a jere tana fitar da ƙwallo daga fili, har baƙon ya manta shi alƙali ne yana bin ta da ido baki buɗe. Can sai aka jefo wata, ta kai mata bugu, ta wuce zuwa hannun mai tsaron baya. Babu wanda ya yi ihu. Ita kanta wadda ta cafe ba ta ji komai ba, har ta ɗaga hannu za ta mayar da ƙwallo.

Sai ƙawata ta sa katako a hammata ta nufi waje.

Na ce, "Ke! Ina za ki? Komo, ba wanda ya ji!"

Ta ce, "Ni na ji."

Baƙon ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji har ta fita. Malama tana tafi tana share hawaye da gefen mayafinta. Ni kuma na ci gaba da tsintar makina ɗaya-ɗaya har aka tashi, na zarce ta da biyu. Sunana aka rubuta.

Ita ta riƙe mini akwati zuwa tasha. Na yi sati uku a Legas, muka yi atisaye a kan ciyawa, aka ɗauke mu hoto da koriyar riga, daga nan maganar ƙungiya ta bi ruwa. Da na dawo abu ɗaya ta tambaye ni, ko da gaske ba a ganin ƙarshen ruwan.

Sai da muka yi jikoki na iya buɗe baki. Ranar sunan jikarta ne a Kambarawa, mutane sun watse, muna zaune a tabarma. Na ce, "Hajiya, akwai abin da na daɗe ina ɓoye miki. Rannan ni ma na taɓa ƙwallon nan."

Ba ta ko daina ɓare goronta ba. "Ai na ji. Kin manta ni ce a ɗaya ƙarshen?"

"To mi ya hana ki hwaɗa?"

"Ba katakona ba ne."

Yanzu jikata kan nuna mini 'yan matan ƙasar nan a waya suna buga kurket da tuta a kafaɗa, ina jin daɗi ƙwarai. Amma ni na riga na ga wadda ta fi kowa cancantar rigar, kuma ba ta taɓa sa ta ba. Ta goya 'ya'yana, ta yi jinyar mahaifiyata, mun ci a kwano ɗaya shekara da shekaru, duk da wannan ƙarar a kunnenta, ko sau ɗaya ba ta yi mini kallon da zan gane ta sani ba.