Filasta a Kan Ido Mai Lafiya

Shekarun baya, lokacin ina sayar da shayi a kasuwar Suk al-Arabi da ke Khartoum, na lura idon 'yata na hagu yana karkacewa wajen hanci idan ta gaji. Ba ta kai shiga makaranta ba a lokacin. Ko a jikina, domin a gidanmu na Omdurman wannan ba labari ba ne. Idon mahaifina haka yake, na ƙanwarsa ma haka, kuma an ce kakansa da ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji da irin idon ya iso bakin Nilu. Har ɗan alfahari muke yi da abin. Duk jaririn da aka haifa, mahaifiyata za ta leƙa fuskarsa, in ta ga alama ta ce, "Wannan na gida ne."

Wata ma'aikaciyar jinya da ke shan shayi a wurina ce ta ga yarinyar ran da na zo da ita kasuwa. Ta ce in kai ta a duba. Na ce mata gado ne. Ta ce, "Gadon ma ana duba shi." Gaskiyar magana, kunyar matar ce ta kai ni asibiti, don kullum sai ta tambaya kafin ta karɓi kofinta.

Likitan ya rufe wa yarinyar idon dama da tafin hannunsa, ya nuna mata hoton tsuntsu. Ta fashe da kuka tana ture hannun. Sai ya yi min bayani a hankali, ganin yadda na saki baki. Ya ce ido saƙo kawai yake kaiwa, ƙwaƙwalwa ce take gani. Idan idanu biyu suna kawo hotuna da ba su dace da juna ba, ƙwaƙwalwar yaro takan zaɓi ɗaya ta daina sauraron ɗayan. Karkacewar gado ce, amma daina sauraron koyo ne, kuma ana iya sake koyar da ita muddin yarinyar tana ƙarama. In ta girma a haka, da wuya idon ya ƙara amfani. Ya rubuta tabarau, ya ce kullum da safe a manna mata filasta a idon dama har zuwa la'asar.

Na ce, "Ya daktor, ai na hagu ne marar lafiya."

Ya yi dariya ya ce shi ya sa za a bar shi a buɗe, ya yi aiki dole.

Kullum kafin in fita zan manna filastar, in bar ta wurin mahaifiyata, in hau mota in haye gada zuwa Khartoum. In na dawo sai in tarar da filasta a inda na bar ta. Amma muka koma asibiti, babu canji. Muka sake komawa, babu canji. Likita ya fara kallona ta saman tabaransa, ni kuwa ina ta rantse-rantse kamar wadda aka kama da kayan sata. Na ji tsoro ƙwarai, don ya ce lokaci ba ya jiranmu.

Ran nan aka yi ruwa, kasuwa ta jagwalgwale, na tattara kofuna na koma gida da rana tsaka. Na tarar da 'yata tana tsalle a tsakar gida cikin farin ciki, filasta a idon hagu. Mahaifiyata na zaune a kan gadon igiya tana yanka kuɓewa.

"Yumma, wa ya mayar da filastar nan?"

"Ni ce," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke da daktor ɗinki kun ruɗe, ya bitti, 'yata. Tun da nake ban taɓa ganin an bar ciwo an ɗaure wuri mai lafiya ba. Yarinya tana karo da bango tana kuka, ga mutane suna ƙare wa idon kallo. Da la'asar nakan mayar miki da ita inda kike so, don a zauna lafiya."

Ba a ɗaga wa uwa murya, don haka na zauna a ƙasa na yi ta kuka.

Mahaifina tela ne, jallabiya yake ɗinkawa a ɗakin ƙofar gida. Muka ji keken ya tsaya. Ya shigo, ya ja bakin rawaninsa ya rufe idonsa na dama, ya tsaya a gaban mahaifiyata.

"Hajiya, ɗaga yatsunki."

Ta ɗaga tana hararar sa.

"Wallahi inuwa kawai nake gani," ya ce. "Ban san ko ke ce ko buhun gawayi ba."

Da a wata rana ce, da wannan magana ta jawo masa kwana da yunwa. Ran nan kuwa wuƙar ce ta faɗi daga hannunta. Sun tsufa tare, amma ba ta taɓa sanin cewa idon ba ya gani ba. Mu ma ba mu sani ba. Mun sha yi masa dariya in ya zuba shayi a gefen kofi. Ya ce tun yana saurayi yake ɗinki da fargaba, kada allura ta karye ta shiga ido ɗayan da yake ci da mu da shi, kuma ba ya so jikarsa ta rayu da wannan fargabar.

Mahaifiyata ta kira yarinyar, ta ɓare filastar da hannunta, ta manna ta a dama. "Halas," ta ce. Wato magana ta ƙare.

Kukan yarinyar dai bai tsaya ba, sai mahaifina ya samo dabara. Kowace safiya zai ɗaure idonsa na dama da ƙyalle ya ce, "Jiddo ya makance, wa zai taimake shi?" Jiddo shi ne kaka a wajenmu. Ita za ta nemo masa takalmi, ta ja shi zuwa tabarma, ta tsinto masa jan maɓalli daga cikin gwangwani. Ba wasa yake yi ba, da gaske ba ya gani, kuma ta gane hakan. Da ya yi tuntuɓe sai ta manta da nata kukan ta ce, "Jiddo, a hankali!" Ɗinkin safe ya tsaya, masu kaya suka yi ta ƙorafi, bai kula ba.

An ɗau lokaci, fiye da shekara. Hotunan likita suna ƙanƙancewa, tana ci gaba da faɗin sunansu. Idon bai kamo ɗan'uwansa gaba ɗaya ba, amma ya farka, har tana karatu da shi. Wata safiya, da filasta a fuskarta, ta zura zare a babbar allurar mahaifina ta miƙa masa. Bai yi ɗinki da ita ba. Ya soke ta a hularsa, tana nan har ya rasu.

Har yau in na tuna sai in ji tausayinsa, don babu wanda ya rufe masa ido yana yaro. Na kuma daina cewa "gado ne" in naɗe hannu. Abin da aka haife ka da shi daban, abin da aka yi da shi kana ƙarami daban.

'Yar tawa ta yi aure a unguwar Kalakla. Da ɗanta ya fara zama, ta kawo shi gida. Mahaifiyata, da ƙyar take tashi yanzu, ta sa aka ɗora mata shi a cinya. Ta daɗe tana kallon fuskarsa.

"Wannan na gida ne," ta ce. Sai ta ɗago ta dube mu. "To me kuke jira? Ku tashi ku kai shi wurin daktor."