Kifin Gwangwani

Ina ƙarama a Wagini ina son kamun kifi, amma ba na iya soke tana a ƙugiya. Sai na yanka gwangwanin madara siffar ɗan kifi, na ɗaura masa gashin zabo. A cikin randar Inna yana walƙiya kamar azurfa. A tafki kuwa ko motsi babu, ga damina ta wuce, ruwa yana ja baya kullum. Na sauya gashi, na sauya zare, na kasa zama wuri ɗaya.

Kawuna ya yi dariya. "Ke 'yar nan, wa zai ga kwalliyarki a jan ruwa? Tarwaɗa wari take bi."

Na shafe shi da daddawa. Kafin la'asar fatsa ta girgiza, na jawo 'yar tarwaɗa, na ruga gida babu takalmi.