Sharhabilu Mai Gyaran Injin Ban Ruwa

Duk wanda ya bi hanyar Bakura daga Talata Mafara zai wuce wata rumfar kwano da injinan ban ruwa jere a gabanta, wasu a kwance, wasu an buɗe cikinsu. Mai rumfar shi ne Sharhabilu Nagode, dogo siriri, mara yawan magana. Manoman rani sun san shi har Maradun, don in ya saurari kukan inji sau ɗaya yakan faɗi ciwonsa kafin ya ɗauki sifana. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ya daɗe yana jin kamar kowa a garin an ba shi wurin zama, shi kaɗai aka manta.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu mahaifinsa ya kwaso su daga Gidan Goga zuwa Talata Mafara, a shekarar da zaman ƙauye ya gagara. Aka sa shi aji biyu na sakandare a tsakiyar zango, lokacin kowa ya riga ya kama abokansa. A ajin akwai wasu yara biyar da ke zaman bencin baya, babbansu Hayatu. Tare suke sayen awara, tare suke tafiya ƙwallo, kuma suna da wata dariya da kallo ɗaya ke tayar da ita. Ba su taɓa dukan Sharhabilu ba, ba su taɓa zaginsa ba. Sai dai in ya matso, hirar takan lafa, a amsa sallamarsa da kyau, a jira ya wuce. Ranar da suka gama makaranta Hayatu ya kira shi da fara'a, ya taho da sauri cike da murna. Ashe waya za a miƙa masa ya ɗauke su hoto.

Ya shiga koyon gyara, ya yi shekara huɗu a hannun maigidansa kafin ya kafa tasa rumfar. Ya zaci girma zai raba shi da wannan abu, amma sai ya tarar da shi a unguwa, a gindin dalbejiyar da samari ke majalisa bayan la'asar. Wata guda yana zuwa. Ana matsa masa tabarma, ana miƙo masa shayi, amma in ya sa baki a magana sai a gyaɗa kai a ci gaba daga inda aka tsaya. Da ya daina zuwa, ba wanda ya tambayi dalili. Bikin Mujahid, ɗan ajinsu, a bakin rumfa ya gan shi: babura suka wuce a jere, kowa da shadda ruwan toka iri ɗaya. Ya ɗaga musu hannun da ya yi baƙi da mai, biyu suka ɗaga masa.

Matarsa Ummulkhairi ce kaɗai ya taɓa gaya wa. Ta ce, "Abban Husna, ko dai kai ne ba ka sakin jiki?" Bai ji haushi ba, don shi ma ya sha yi wa kansa wannan tambayar.

Wata ranar Talata, kasuwa na ci, wata mota ta tsaya a bakin rumfar. Hayatu ne ya fito, ya yi ƙiba, yana aikin ofis a Gusau amma ya kama gonar albasa a wajen Bakura. Injinsa ya ƙi jan ruwa. Suka gaisa doguwar gaisuwa, aka tambayi iyali da gajiya da zafi. Sharhabilu ya durƙusa yana kwance inji, Hayatu ya zauna kan wata tsohuwar taya.

"Kai mutumina, mi ya hana ka zuwa bikin Mujahid?"

"Ba wanda ya gaya min."

Hayatu ya ce, "Wallahi mu mun ɗauka ba ka son mutane na. Tun muna makaranta, in ka taho fuska a ɗaure, sai mu kama bakinmu. Har cewa munka yi wanga yaro raina mu yake, don ya fi mu lissafi."

Sharhabilu ya ɗago ya dube shi. Shekara goma sha uku yana juya wannan al'amari a ransa, bai taɓa kawo wannan fassarar ba. Bai tabbata gaskiya ce duka ba, amma ya ga Hayatu ya yarda da abin da ya faɗa. Ya ce, "Tsoro ne ya ɗaure min fuska." Daga nan ya nuna masa robar cikin injin da ta cinye.

Kafin motar ta tashi Hayatu ya sa lambar Sharhabilu a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Aka yi ta yi masa maraba, wani ma ya tambaya wane Sharhabilun. Bayan ƙaramar salla aka haɗa walima a gidan Mujahid, Sharhabilu ya sa kayansa masu kyau ya je. Aka karɓe shi hannu biyu, aka cika masa faranti. Da hira ta yi nisa sai ta koma kan tsoffin labaran da ba ya ciki, ana ta ƙyaƙyata dariya. Ya zauna yana kallonsu, ya lura wannan karon ƙirjinsa bai yi nauyi ba. Mutane ne da suka saba da juna, ba wani abu ba. Ya kuma lura Mujahid kansa ba ya cewa komai, dariya kawai yake bi.

Da ya dawo Ummulkhairi ta tare shi a tsakar gida. "Yaya taron?"

"Lafiya lau. Naman ya yi daɗi."

"Za ka koma in sun sake?"

"In an yi suna ko rasuwa zan je."

Haka kuwa yake yi har yau. Hayatu kan tsaya a rumfar in ya zo duba albasa, su yi hirar taki da tsadar fetur, wani lokaci ya daɗe fiye da yadda aikin ya buƙata. Ba su zama aminai ba, amma ran da mahaifin Sharhabilu ya kwanta asibiti, Hayatu ya zo dubiya da lemo a leda.

A bana wani dattijo, Baba Sadi, wanda ya taso daga garin Kaya da iyalinsa, ya fara zama a inuwar rumfar da hantsi. Yakan zo da rediyonsa, su saurari labarai, kowa na harkar gabansa. Wani lokaci sai azahar ta yi ba su yi magana goma ba, sannan Baba Sadi ya kashe rediyo ya ce, "Injiniya, tashi mu yi salla."