Buhun Geron da Ya Rufe Jar Fitila

Mun tashi daga Kara-Kara ana idar da sallar asuba, ni da yayana, kowa a kan kekensa. Droum muka nufa, ta'aziyyar ɗan kawunmu da mota ta buge a kan keke yana dawowa daga kasuwa. Tun rasuwar tsoron hanya ya kama ni, don haka na yi mana shiri: farar fitila a gaba, ja a baya, famfo, kayan faci, da rigar nan mai walƙiya idan hasken mota ya dake ta. Yaya ya juya rigar ya ce shi ba zai shiga gidan makoki kamar mai gyaran titi ba. Da na nace sai ya sa ta, ya kawo babbar rigarsa mai ruwan toka ya ɗora a kai. Na ƙyale shi, don ba a ja da babba da sassafe.

Kwaltar ba laifi, sai dai gefenta ya zaizaye, idan babbar mota ta taho dole ka faɗa rairayi. Bayan mun sauka daga kwalta muka tsaya wajen wata mai ƙosai. Kuɗin bai canza ba, ƙosan ne ya rame, har Yaya ya tambaye ta ko ƙosan azumi yake. Gonaki duk an girbe, sai kara da amalanken shanu.

A Droum mun tarar da gida cike. Keken marigayin yana jingine a zaure, ƙafar baya a lanƙwashe, babu mai kallonsa. Na so mu juyo da azahar, amma ba a tashi kafin tuwo ya fito, bayan tuwo kuma aka ce a jira addu'ar la'asar. Da za mu tafi Inna, mahaifiyar marigayin, ta sa aka fito da rabin buhun gero. "Daga gonarsa ne," ta ce, "ku kai wa yara." Wa zai mayar da hannun uwar da ke cikin makoki? Yaya ya ɗaure buhun a bayan kekensa tamau, ban lura ya sauko ya rufe jar fitilar ba.

Magariba ta riske mu mun hau kwalta. Sarƙar kekena ta zame, na tsaya mayarwa, Yaya ya yi gaba. Da na ɗago kai na duba, ban gan shi ba. Ni da na san yana nan, na san rigarsa, na san yadda yake karkata a kan keke, wallahi ban ga komai ba sai toka-tokan hanya. A lokacin wata babbar mota ta wuce ni a guje. Na ƙwala masa kira, ƙarar inji ta haɗiye muryata. Sai na ji ƙarar birki.

Na same shi zaune cikin rairayi, keke a gefe, gwiwa a goge. Iskar motar ce ta watsar da shi. Ya tuɓe babbar rigar ya naɗe, muka ciro fitilar muka ɗaure a bayan buhun, muka yi sallah a nan gefen hanya.

Abin da na koyo shi ne, in kun gama ɗaure kaya, ɗaya ya koma baya da nisa ya duba ko ana ganin ɗan'uwansa. A ƙofar gida matar Yaya ta tare mu tana tambayar hanya. "Lafiya lau, alhamdu lillahi," ya ce mata. Ya kai hannu zai kwance igiyar buhun, ya kasa. Ni na kwance masa.