Abin da Yaya Ya Karanta

A unguwarmu a Bungudu, duk wanda ya gama jami'a sunansa na yanka ɓacewa yake yi. Ɗan gidan da ke kallon namu ya zama Injiniya tun kafin ya sami aiki. Akwai Lauya a bayan masallaci, akwai Likita wadda ta yi aure a Gusau. Har iyayensu haka suke kiransu. Da babban wana ya dawo daga hidimar ƙasa, maƙwabta suka shigo yi masa barka, kowa ya gaisa sai ya ɗan dakata, yana jiran a faɗa masa sunan da zai riƙa kira. Ba a faɗa ba, domin babu.

Lokacin ina ƙaramar sakandare. Ba ni da yawan magana. In baƙi suka zo nakan nemi abin yi kusa da ƙofa, tsintar shinkafa ko wanke kofuna, in saurara.

Goggo, yayar Baba, ita ta yi tambayar da kowa ke kewayewa.

"To kai wai mi ka karanta?"

Yaya ya gyara zama ya yi mata bayani. Digirin nasa na haɗin fannoni ne. Ya ɗauki tattalin arzikin noma, ya ɗauki lafiyar al'umma, ya ɗauki nazarin zamantakewa da ɗan ilimin koyarwa. Binciken da ya kammala da shi a kan maganin ƙwari ne da ake zuba wa wake a rumbu, da abin da yake yi wa masu ci. Gidajen manoma ya bi a Nahuce da Furfuri yana tambaya.

Goggo ta saurara har ƙarshe, ta tauna goronta.

"Dafa-duka ke nan," ta ce. "Shinkafa, wake, manja, tukunya guda. Allah shi sa a ci lahiya."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Na lura dai bai ƙara taɓa furarsa ba.

Niyyarsa ta farko ya wuce digiri na biyu. Ya je jami'ar da ya gama, ya je wata. Sashen noma suka ce abin da ya karanta nasu bai kai ba. Sashen lafiya suka ce haka, amma in yana so ya yi difloma ta shekara guda tukuna, sannan su duba. Ya dawo ya faɗa wa Inna a tsakar gida, yana cire takalmi, kamar labarin wani yake bayarwa. Daga nan ya fara bin Baba kasuwa.

Baba hatsi yake sayarwa a Gusau. Ranar Asabar wani lokaci nakan bi su, in zauna can cikin rumfa a kan buhu, inda ba a ganina sosai. A nan na koyi yadda Baba ke ciniki. Buhun wake guda ne. In mai ƙosai ta zo, sai ya ce mata wannan yana tashi, ba ya shan mai. In mai sayen ajiya ne, sai ya ɗebo ya cije ƙwaya ɗaya, ya ce ji bushewa, ba ƙwaro ko ɗaya. In manomi ne ke neman iri, ya ce daga ƙauyen Wanke aka kawo shi, ya san gonar. Duka gaskiya ne, ban taɓa jin ya yi ƙarya a kan kaya ba. Abin da ya iya shi ne duban mutum ya san wace gaskiyar ya zo saye, ya miƙa masa ita kaɗai.

Da wata ya bi wata Yaya na auna gero da tiya, Baba ya ce abin ya isa, zai kai shi gun manya. A wajenmu haka ake neman aiki. Uba ya sa babbar riga, ya ɗauki ɗansa, su je gaisuwa gidan wanda yake da faɗa a ji. Uban ne ke magana. Ɗan ya durƙusa gefe, kansa a ƙasa, in an sa albarka ya ce amin. Ko uban ya yi kuskure, ɗa ba ya gyara masa a gaban babba.

Mutum uku Baba ya sani, duka sun daɗe suna sayen hatsin gidajensu a hannunsa. Ɗaya babba ne a ma'aikatar gona, ɗaya a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ɗaya a hukumar makarantu. Ni ke goge wa Yaya kaftaninsa, shuɗi mai haske, shi kaɗai ne mai kyau. Duk dawowa nakan ga gashin kafet a gwiwoyin wandon. Na farko ja, na biyu kore, na uku ƙura ce kawai, don shi Alhajin makarantu a kan tabarma yake karɓar baƙi.

Abin da aka faɗa a can a bakin Yaya na ji, yana gaya wa Inna a madafa ina daka yaji. A gidan Alhajin gona Baba ya ce, ga yaronka, noma ya karanta. A gidan na lafiya ya ce, ga yaronka, harkar lafiya ya karanta. A gida na uku ya zama malamin makaranta. Kowannensu ya ce babu komai, za a duba, a saurara in an buɗe ɗaukar ma'aikata.

"Ai ba ƙarya ya yi ba," in ji Inna.

"Ban ce ya yi ba."

"To mi ne ne?"

Yaya ya miƙe. Ya ɗauki buta ya fita.

Baba kuwa ya sami kwanciyar hankali. Ya ce wa Goggo ƙofa uku ya ƙwanƙwasa, ko ɗaya ta buɗe ai an shiga.

Cikin damina kawun Inna ya rasu a Tsafe. Tsohon ma'aikaci ne, ya yi aiki da mutane da yawa, don haka ranar addu'ar uku motoci suka cika layin. Mu mata muna cikin gida. Aka rasa wanda zai kai fura zaure, wata ta ɗora mini tire ta ce ke marar surutu, je ki. Na tsaya daga bakin ƙofar ciki ina jiran Yaya ya karɓa, don shi ke hidimar baƙi. Ban san fuskokin Alhazan nan uku da aka kai Yaya gunsu ba, maganganunsu ne suka gaya mini ko su wane ne. Suna zaune a jere a kan darduma ɗaya, Baba na can gefensu. An shafa addu'a, hira ta ɗan sake.

Yaya ya durƙusa ya ajiye kwanon farko. Wani mai farin gemu ya dafa kafaɗarsa.

"A'a, manominmu! Kana nan? Ban manta da kai ba."

Na kusa da shi, mai tabarau, ya juyo.

"Wane manomi? Wanga ai namu ne, lahiya ya karanta. Takardunsa na wajena."

Na ukun ya ajiye ludayi ya leƙo.

"Ku dakata. Ba kai ne aka kawo mini kan koyarwa ba? Da wagga rigar ma."

Dariya ta tashi, irin wadda ake yi ƙasa-ƙasa a gidan makoki. Mai tabarau ya dubi Baba.

"Alhaji, 'yan uku gare ka ba mu sani ba? Ko buhu guda ka sayar mana mu uku?"

"Duka ya karanta," in ji Baba. "Wallahi duka ya karanta."

"Ai ba mu musa ba. Yaro ya yi ƙoƙari. Gobe in ana neman alƙali ma a kawo shi."

Aka sake dariya. Yaya na durƙushe da kwano na biyu a hannunsa. Ba wanda ya tambaye shi komai. Ya ajiye kwanon a gaban mai tabarau.

Sai mai farin gemu ya gyara rawaninsa ya ce, cikin ladabi sosai, tunda maganar tana hannun Alhajin lafiya, ai shi ba zai shiga gabansa ba. Mai tabarau ya ce haba, ina shi ina shiga gaban yayansa, ai gona ita ce gaba. Na ukun ya ce shi dama ƙarami ne a cikinsu, duk abin da suka yanke daidai ne. Suka yi ta miƙa wa juna girma. A lokacin na ɗauka kirki ne. Sai da na ga fuskar Baba na gane cewa a wajen manya, alfarmar da aka roƙa a gida uku ba ta kan kowa. Kowannensu ya sauke ta a gaban shaidu, ba tare da ya ce a'a ba.

Da la'asar muka shiga motar haya zuwa Gusau. Ina baya tare da Inna, su suna gabanmu. Muka wuce dutsen Kwatarkwashi. Gero ya yi tsawo a gefen hanya, ruwa ya kwanta a ramukan titi. Sannan Yaya ya sunkuya kusa da kunnen Baba.

"Baba, ina neman izini in koma ni kaɗai."

"Gun wa?"

"Gun na lahiyar."

"Shi da ya fi kowa yi mana dariya?"

"Shi ya riƙe takarduna."

Baba ya juyo ya dube shi.

"Wa ya san ka, da za ka je kai kaɗai?"

"Babu. Shi ya sa."

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da muka sauka a tasha ya saya wa kowa rake, abin da bai saba ba.

Na sake goge kaftanin. Wannan karon ofis Yaya ya je, ba gida ba, kuma wandon ya dawo da tsabta, don kujera aka ba shi. Ya ce mutumin ya fara da tsokana, ya tambaye shi yau wanne ne daga cikin ukun ya zo. Daga baya ya ce to, faɗa mini da bakinka. Yaya ya yi masa bayanin waken, da yadda manomi ke zuba magani don kada ya yi asara, da yadda matan gida ke ɗiba su dafa kafin ƙarfin maganin ya wuce, da dalilin da ya sa in ma'aikacin lafiya ya ce a daina ba a jin maganarsa. Mutumin ya saurara. Ya ce gaskiya a tsarinsu babu gurbin da ya dace da irin wannan takarda, kuma ko an buɗe ɗauka, masu takardar lafiya zalla za a fara duba. Amma akwai wata ƙungiya da ke aiki da manoma kan ajiyar amfanin gona, sun taɓa tambayarsa ko ya san wanda zai iya magana da manomi da malamin asibiti duka. Ya kira su a waya Yaya na zaune.

Sun ɗauke shi. Aikin kwantiragi ne, na 'yan watanni, in ya ƙare a sabunta ko kada a sabunta. Babu fansho. Ya riƙa hawa babur zuwa ƙauyuka da buhunan ajiya marasa shigar iska, yana dawowa da jar ƙasa har gira. Sau ɗaya aikin ya tsaya, ya koma rumfa ya auna gero har aka sake kiransa. Diflomar nan da ya ƙi da farko sai da ya yi ta, a ƙarshen mako, sannan sashen lafiya suka karɓe shi digiri na biyu. Abokan karatunsa masu fanni guda sun riga shi da shekara ko fiye. Waɗansunsu kuma har yanzu suna jiran a buɗe ɗauka. Na taɓa tambayarsa ko da zai koma baya zai sake zaɓar wannan karatun. Ya ce zai zaɓa, amma da ya tara darussa masu yawa a fanni guda, yadda in an tambaye shi zai sami abin nunawa. Lokacin ina shirin shiga babbar sakandare, na riƙe maganar.

Baba bai taɓa ɗaukar kwantiragi a matsayin aiki ba. A wajensa aiki shi ne na gwamnati, mai ofis da fansho. Goggo kuma har ta rasu Dafa-duka take kiransa, yana amsawa. Sauran unguwa suka gaji da jira suka koma ce masa Malam, kamar kowa.

Wata Asabar ina cikin rumfa, Yaya ya biyo da babur zai ajiye saƙo. Wani abokin cinikin Baba, mai sayen dawa, ya bi shi da kallo.

"Alhaji, wanga ɗan naka wai mi ya karanta?"

Baba ya dubi mutumin, irin duban da yake yi wa mai saye. Na ga ya buɗe baki, ya rufe. Ya ci gaba da ɗaure bakin buhu.

"Ga shi nan tsaye," ya ce. "Tambaye shi."